Na'urar da Ke Son Ido Biyu

Ƙanena kayan safiyo yake sayarwa. In na faɗa wa mutane haka a Maamobi, unguwarmu a Accra, sai su ce, kayan me? Sai in ce, kun san mutanen nan da kuke gani a bakin titi da wani abu mai ƙafa uku, ɗaya yana leƙe, ɗaya yana can nesa riƙe da sanda? To, irin wannan. Da su, da na'urorin zana taswira, da ƙananan jiragen nan marasa matuƙi masu ɗaukar hoton gari daga sama. Shagonsa bai fi ɗakin girki ba, yana gefen babban titin unguwar Nima, tsakanin mai gyaran waya da mai takalma, amma kayan ciki sun ga duniya fiye da duk alhazan unguwarmu. Sababbin daga Sin suke zuwa, wani lokaci su biyo ta Dubai. Tsofaffin kuwa daga Jamus da Holan da Japan, in wani kamfani ya rufe ko wata makaranta ta gaji da nata aka yi gwanjo. Ya saya ta waya, a cusa a kwantena tare da firji da tayoyin wasu, ya tafi tashar jirgin ruwa ta Tema ya yini yana ja-in-ja da 'yan kwastam, ya dawo murya a dishe. Kayan su ɗan huta, su sake kama hanya zuwa Tamale ko Wagadugu ko Yamai. Abin da Turawa suka yar, can arewa rububinsa ake yi.

Ni ɗinki nake yi, kuma ban taɓa ɗaukar sana'arsa da wani muhimmanci ba. Sarkin bolar Turai nake ce masa. Shi kuma ya ce, Yaya, ke dai ki ji da allurarki. Haka muke tun muna yara, ni da baki, shi da haƙuri.

Babanmu a wajena yake zaune tun rasuwar Mama. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Tsoho ne mai tsabta, mai kunya, wanda ko ciwon kai ba zai faɗa maka ba sai in ka gan shi ya ɗaure goshi. Labari ɗaya ne yake buɗe masa baki, labarin gidan kakanmu a Nima. Kakanmu fataucin goro ya kawo shi daga Kano, ya zauna, ya gina gida, ya yi masa zaure da ɗaki a samansa. Baba yakan ce zauren nan ya fi duk rufin unguwar tsawo, har baƙon da ya sauka daga mota da shi ake yi masa kwatance. A ɗakin saman aka kai masa Mama tana amarya. Da aka zo fasa titi, katafila ta bi ta kan gidan. Ina goye a lokacin, ƙanena ba a ma haife shi ba. Ko hoto ɗaya ba a ɗauka ba, wa yake da abin ɗaukar hoto a gidan mai goro? Muka koma ɗakunan haya a Maamobi, kuma har yau a haya muke.

Mu dai muna jin labarin, muna dariya. Ina ce masa, Baba, zauren nan naka kowace shekara ƙara tsawo yake yi, bana ai ya kusa taɓa gajimare. Sai Mama ta ce, ƙyale su Malam, ni na hau shi da ƙafata. Da ta rasu, abokansa na wancan zamanin su ma suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, sai ya zama babu mai cewa na gani. Labarin ya fara gajarta a bakinsa. Abin da ya rage shi ne wata magana da yake yi in mun wuce wurin a trotro, motar haya, yana kallon kwalta ta taga: da Allah zai nuna mini shi sau ɗaya, a tsaye.

Wata rana da hantsi ƙanena ya kira ni. Ya ce, Yaya, ajiye ɗinkin nan ki zo shago yanzu. Na ce kai, kayan biki ne a hannuna, in wani tsohon ƙarfe ne za ka nuna mini wallahi sai na ci mutuncinka. Ya ce ki zo dai.

Na same shi ya ture kayan kan tebur ya kafa wata na'ura. Tana da siraran ƙafafu, da manyan madubai biyu a hagu da dama, a tsakiya kuma wurin leƙawa mai ido biyu. A akwatin katako ta zo daga Holan, cikin gwanjon wani kamfani da ya rufe. Ashe kamfanin ya taɓa yin aikin taswira a ƙasar nan tun da daɗewa, kuma a cikin murfin akwatin an manta da wasu hotuna, baƙi da fari, masu kusurwa huɗu, waɗanda aka ɗauka daga jirgin sama. Ya ce da ya zazzage su yana shirin zubarwa, sai idonsa ya faɗa kan wata kwana ta babbar kwata, ya ce ai na san wannan kwanar. Nima ce. Nima babu titi.

Ya shimfiɗa hotuna biyu, ɗaya ƙarƙashin kowane madubi. A idona duk ɗaya ne, ɗigo-ɗigon rufin kwano kamar an watsa ashana a ƙasa. Ya yi mini bayani. Jirgin yana ɗaukar hoto, ya ɗan matsa gaba ya sake ɗaukar wurin. Na'urar tana ba idon hagu hoto ɗaya, idon dama ɗayan, in suka haɗu a kan mutum sai gari ya tashi tsaye, mai tsawo ya yi tsawo, mai zurfi ya yi zurfi. Da haka masu taswira na da suke auna tudu da kwari, kafin kwamfuta ta karɓe aikin.

Na leƙa. Ban ga komai ba sai jiri. Na ɗago zan fara zazzaga masa, ya danna kaina ya ce ki saki idon, kada ki yi faɗa da shi. Na saki. Sai ƙasa ta faɗa ciki, gidaje suka miƙe. Na yi ihu, na kai hannu ƙarƙashin madubin zan taɓa, yatsana ya dunguri takarda. Ya ɗora bakin biro a gefen wani tsohon masallaci da har yau yana nan, ya ja shi kaɗan zuwa gabas, ya ce duba nan. Ga shi kuwa. Gida mai faɗin tsakar gida, a bakinsa wani gini ya ɗaga kai sama da kowa, kamar dogon mutum a sahun salla. Na ce innalillahi, ashe da gaske ne. Na zauna a kan wani akwati ina kuka, mai gyaran waya ya leƙo yana tambaya ko rasuwa aka yi.

Ƙanena ya ce akwai matsala ɗaya. Tun kafin kwantenar ta iso ya riga ya yi wa wani malamin makarantar safiyo a Yamai alkawarin na'urar, kuma motar da za ta ɗauki kayan ƙarshen mako za ta tashi. Hotunan namu ne, babu wanda ya san da su. Na'urar ce ba tamu ba. Na ce to me muke jira, nemo tasi.

Bayan La'asar muka kafa ta a tsakar gida, inda haske ya fi. Gidan haya ba a ɓoye abu, kafin mu gama daidaita hotunan mata sun fito da ludayi a hannu, masu dawowa daga kasuwa sun tsaya da kaya a ka. Na shiga na fito da Baba. Ban gaya masa komai ba sai da ya zauna a kan kujera, sannan na durƙusa na ce, Baba, zaurenka ne ya dawo daga Turai. Ya kalle ni, ya kalli ƙanena. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, abin da ban taɓa ganin ya yi a gaban mutane ba, ya yi bismilla ya sunkuya.

Ƙanena yana gefensa yana cewa, Baba buɗe ido biyu, ka saki, za su haɗu da kansu. Ya daɗe a sunkuye. Ina jiran ihun, ina jiran hannun nan ya miƙa. Sai ya ɗago a hankali, ya mayar da hularsa, ya ce, na gani, masha Allah, Allah ya yi muku albarka. Ya ja kujerarsa baya ya ce a bar mutane su gani.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Shekara da shekaru ana cika mana kunne, yau ga abu ya zo har gida, sai masha Allah kawai, kamar an nuna masa sabuwar buta? Na cije baki don akwai mutane. Maƙwabta suka yi layi. Kowa ya leƙa sai ya yi shiru, can sai ya zabura. Wani mai tura baro ya ce, ei cale, abin nan tsafi ne! Wata tsohuwa 'yar Dagomba da ke ɗakin ƙarshe, wadda ta yi ƙuruciyarta a Nima, ta leƙa ta ɗora hannu a ka ta ce, wayyo, ga dogon zauren mai goro, a gindinsa muke sayen koko. Ta juya wajen Baba ta ce, Malam, ashe gidanku ne? Baba ya yi murmushi ya ce gidanmu ne. Duk wanda ya leƙa sai ya kai hannu zai taɓa, babba da yaro. Baba kaɗai ne bai kai ba.

Da mutane suka ragu na ce, Baba, dawo ka sake dubawa a natse, ɗazu hayaniya ta yi yawa. Ya ce ai na gani, Uwata. Na ce a'a, sai ka sake. Ya san halina, ya dawo ya sunkuya. Iska ta ɗan taso tana ɗaga hoton hagu, sai na kifa tafin hannuna a kansa in danne, da gefen mayafina duka, na rufe shi ruf ban lura ba. Na ce, ka ga ɗakin saman? Ya ce ga shi nan kuwa. Na ce ka ga yadda ya tashi? Ya ce na gani sarai.

Ƙanena ne ya taɓa ni. Ya nuna mini hannuna da ido. Na duba, na ga babu abin da ke ƙarƙashin madubin hagu sai mayafina. Ban gane ba tukuna. Shi ya gane, sana'arsa ce. Ya ɗage hannuna, ya ɗauki murfin akwatin a hankali ya rufe hoton dama.

Baba ya ce, kai, wa ya tare mini haske?

Ya ɗago, ya ga murfin a hannun ɗansa, ya ga fuskata. Ya gyara zaman hularsa da ba ta karkace ba. Ya tashi ya shige ɗaki.

Na bi shi. A ɗaki ban iya riƙe bakina ba. Na ce Baba, tun yaushe? Ya zauna a bakin gado. Na ce don girman Allah tun yaushe idon nan ya tafi? Ya ce tun shekarar da mahaifiyarku ta kwanta. Ya ce abin ya fara ne daga gefe, kamar ana jawo labule, ba zafi ba ƙaiƙayi, har ya rufe. Na ce shi ne ba ka faɗa ba? Muna nan, muna ci tare muna sha tare? Ya ce, lokacin kuna fama da jinyarta, in zo in ɗora muku nawa? Bayan nan kuma abin ya riga ya wuce. Uba ba ya tara 'ya'yansa ya zauna yana lissafa musu abin da Allah ya karɓa a jikinsa, Uwata. Ɗayan yana gani, ina karatuna, ina zuwa masallaci, me zan ce?

Sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Shayin da yake zubawa a gefen kofi, ina mita ina gogewa. Yadda yake juyo da kansa gaba ɗaya in an yi masa magana ta hagu. Ranar da ya yi karo da mai talla a lungu har tire ya zube, muka ce tsufa ne. Idon kuwa fes yake, baƙinsa baƙi, farinsa fari, babu yana babu komai. Na ce masa wannan ba kunya ba ce Baba, wannan zalunci ne, ka zalunce mu. Na faɗa da ƙarfi, har yau ina jin muryata. Ya ce, to, ki yi haƙuri. Shi ne yake ba ni haƙuri.

Ƙanena ya kira mutumin Yamai ya roƙe shi. Motar ta tashi ba na'urar. Ya ce mini in dai yanar ido ce, cirewa ake yi, ya ga tsofaffi da yawa an yi musu aiki sun dawo suna zura zare a allura. Ya ce na'urar nan ba za ta bar Accra ba sai Baba ya gani da ido biyu, ko mutumin zai daina sayen kaya a wajensa har abada. Ya mayar da ita akwati ya tura ƙarƙashin gadona. Na kwana da ita a ƙasana ina addu'a.

Muka kai shi asibitin ido. Muka yini a benci. Likitar mace ce, yarinya ƙarama, mai ladabi, ta haska, ta auna, ta sake haskawa. Ta fita da mu waje ta ce ba yana ba ce. Ruwan cikin idon ne ya yi ta hawa yana danne jijiya a hankali har ta mutu, kuma jijiyar da ta mutu ba a tayar da ita, ko a nan ko a Turai. Ta ce da an zo da wuri, da maganin ɗigawa kawai ya isa ya tsayar da shi. Ta ce na daman ma ya fara, shi za mu yi ƙoƙarin riƙewa. Ƙanena ya tambaye ta ko akwai wani gilashi, ko wata na'ura, ko daga wace ƙasa ce, shi zai iya shigo da ita. Ta girgiza kai. Mutumin da ke kawo kayan gani daga ƙarshen duniya ya jingina da bangon asibiti yana kuka kamar yaro, na je na dafa kafaɗarsa.

Baba bai tambaye mu abin da ta ce ba. A cikin tasi ya ce wa ƙanena, kayan mutumin nan na Yamai, ka kai masa, alkawari ne. Ƙanena ya ce to. Baba ya ce amma kafin nan a kafa mini ita sau ɗaya.

Washegari da safe, bayan 'yan gidan sun watse, muka kafa ta mu uku. Na jawo masa kujera gaban na'urar, ya ce a'a, ke za ki zauna. Ya ja tasa kusa da ni, ya dafa gwiwata. Ya ce, leƙa, Uwata, ki faɗa mini.

Na leƙa. Idona cike da ruwa, da ƙyar hotunan suka haɗu. Gidan ya tashi. Na ce Baba, ga zauren, yana tsaye. Ya ce ya fi na maƙwabta? Na ce ya fi su duka, babu na kusa da shi. Ya ce rufin fa? Na ce kwano ne, ya yi doro a tsakiya, gefe ɗaya yana ƙyalli. Ya ce wannan gefen sabo ne, ni na hau na buga shi kafin a kawo mahaifiyarku. Ya ce akwai bishiya a tsakar gida? Na ce akwai, tana da ƙaton kai, inuwarta ta kwanta wajen yamma. Ya ce to da safe suka ɗauka. Ya ce ki duba bayan ɗakunan, akwai wani ɗan gini? Na ce akwai, gajere. Ya ce nan ake ajiye huhun goro, a yayyafa masa ruwa. Yana tambaya ina amsawa, yana gyaɗa kai, idonsa a kan bangon gidan haya.

Sannan ya ce, ƙofar zauren a buɗe take?

Na duba, na sake dubawa. Na juya na kalli ƙanena ko akwai wani abin murɗawa, ya girgiza kai. Na ce Baba, daga sama aka ɗauka, ba a ganin ƙofa, rufi kawai ake gani.

Ya ce, a buɗe take. Da rana ba ma rufewa.

Na ɗago kaina daga na'urar. Yana zaune a miƙe, hannunsa a gwiwata, hawaye yana gangarowa cikin gemunsa ta ido biyun, har da wanda ya mutu. Bai share ba. Zuciyata ta karye a wurin nan, kuma ba ta koma daidai ba har yau. Ya ce wa ƙanena, naɗe musu kayansu. Ƙanena ya durƙusa ya fara kwance madubin hagu.